Mai gyaran da ba ya farawa da fomatin: wani shago a wajen Ƙofar Ƙaura

Jama'a in kuna da tsohuwar laftof a gida tana shan ƙura kada ku yi saurin sayar da ita a wulaƙance, akwai wani yaro mai shagon gyaran kwamfuta a wajen Ƙofar Ƙaura nan Katsina da ya maida tawa saba ta gida, wato kwamfutar da ke ajiye hotuna da fayiloli wayoyin gida su riƙa ɗauka daga wajenta, kuma aikinsa ya isa a yi magana a kai. Ba shi ya sa ni rubutun nan ba, bai ma san na yi ba.

Abin da ya kai ni dai cikar ma'aji ne. Google giga 15 suke ba mutum kyauta, kuma a ciki ake raba wa Gmail da Drive da Photos, tun 1 ga Yunin 2021 da suka daina ajiyar hotuna kyauta ba iyaka kowa ya fara jin jiki. Mu kuma gida ne mai yawa, hotunan biki da suna, karatuttukan tafsirin azumi da aka tara shekara da shekaru, takardun makarantar yara, ga bidiyon da mata ke turo wa juna a WhatsApp. Laftof ɗin kuma Windows 10 ce a kanta, Microsoft sun tsayar da tallafinta 14 ga Oktoban 2025, ita ko ba za ta ɗauki Windows 11 ba don ba ta da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da Windows 11 ke buƙata.

Injiniya, haka nake ce mishi, ya kwashe kayana gefe tukuna, sannan ya sa mata Ubuntu Server 24.04 a madadin Windows, wanda ya fito Afrilun 2024 kuma yana da tallafin shekara 5. A kai ya ɗora Nextcloud don hotuna da takardu, sai Jellyfin don karatu da bidiyo, duk manhajoji ne na kyauta da kowa zai iya buɗe cikinsu ya ga yadda aka rubuta su, ba kuɗin wata ba kirak, wato satar manhaja. Na so in sayi Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, don na ga ana yayinta, ya ce Yaya bar kuɗinka, ita katin memori take aiki da shi kuma in ana yawan ɗauke wuta bagatatan katin na iya lalacewa, laftof kuwa da batirinta a jiki, ko an ɗauke za ta riƙe kafin a dawo ko a juya kan sola. Wannan shawarar kaɗai ta sa na fara yarda da shi, don da ya ce in saya shi zai kawo ya ci riba.

Amma inda na san ya iya aiki shi ne lokacin da abin ya fara ba da matsala, don ɗora manhaja kowa na iya bin bidiyo ya yi. An ɗauke wuta dogon lokaci har batir ya ƙare, da aka kawo na kunna sai ta tsaya a baƙin allo da rubutu, wayoyin gida duk ba sa ganinta. Wallahi mafi yawan masu gyaranmu abin da za su ce shi ne a yi fomatin a sake lodi, kayanka kuma sai dai haƙuri. Shi ko zama ya yi ya buga journalctl yana karanta abin da na'urar ta rubuta da kanta kafin ta tsaya, layi bayan layi, har ya nuna min wurin da yatsa. Ashe faifan ajiya na waje da muka jona ta USB ne bai tashi ba, cajarsa daban ce kuma soket ɗin ya saki, ita kuma laftof ɗin an rubuta mata a fayil ɗin fstab, mai jerin faifan da za ta haɗa in ta tashi, cewa dole sai da shi, to sai ta jira shi daƙiƙa 90 ta ga bai zo ba ta faɗa yanayin gaggawa. Kalma ɗaya ya ƙara a layin, nofail, wato ta ci gaba da tashi ko faifan bai zo ba, ya canza soket, shi ke nan. Ko hoto ɗaya bai ɓace ba. Ya kuma shiga BIOS, saitin da ake shiga tun farkon kunna na'ura, ya kunna mata tashi da kanta in wuta ta dawo, ya ce ba kowace laftof ke da wannan ba, tawa an yi sa'a.

Sai maganar agogo. Duk sanda ta mutu ta tashi sai kwanan wata ya koma shekarun baya, wasu abubuwa su ƙi haɗuwa don takardar shaidar tsaro ba ta aiki in lokaci ya saɓa. Ƙaramin batirin nan na cikin laftof da ke riƙe agogo ne ya mutu, CR2032, ya canza.

Wadda ta fi cin lokaci ita ce shiga daga waje. A gida kan wayifai komai lafiya, kuma ba ya cin data ko kaɗan tunda tsakanin waya da rauta da laftof ne kawai, amma da na je Daura wajen 'yan uwa na so in nuna musu hotuna sai ta ƙi. Ya yi min bayani yadda na gane, rautar da muke sa wa layin waya ba ta da adireshin intanet nata na kanta, kamfanonin layi suna haɗa mutane da yawa ne a bayan adireshi ɗaya, CGNAT ake ce mishi, kamar gidan haya mai ƙofa ɗaya da baƙo ba zai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba, don haka ko ka buɗe ƙofa a rautarka ba abin da zai shigo. Ya sa mana Tailscale a laftof da wayoyi, manhajar da ke haɗa na'urorinka kamar suna gida ɗaya ko kana nesa, kuma kyauta ne ga amfanin gida. Bai ɓoye min ba cewa shi wannan ba duka ne a buɗe ba, ɓangaren da ke haɗa na'urorin yana hannun kamfanin, akwai Headscale da ke maye gurbin wannan ɓangaren ga mai son riƙe komai da kansa amma sai ka yi hayar saba a waje. Ya kuma gargaɗe ni cewa kallon bidiyo daga waje data biyu yake ci, ta wayarka da ta rautar gida, gaskiya ne kuwa, don haka karatu nake saurare in na fita, bidiyo sai a gida.

Zafi da ƙura kam kun san Katsina. A Afrilu da Mayu ana haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura ta toshe fanka. Ya buɗe ta ya hure, ya sake shafa man sanyaya kan furosesa, ya ce kar a ajiye ta kan katifa ko kafet, a ɗaga ta iska na wucewa ta ƙasa, kuma in riƙa duba batir in ya fara kumbura a cire shi nan take.

To ba a rasa abin ƙorafi ba. Ba shi da sauri sam, in ya ce gobe ka sa jibi ko gata a ranka, kuma ɗaukar waya na yi mishi wuya in yana kan aiki, gara ka je da ƙafarka. Shagon ƙarami ne, benci ɗaya. Kuɗin aikinsa ma ya fi na maƙwabtansa, ni dai ban ga tsadarsa ba. Wanda ya fi damuna shi ne ba ya rubuta abin da ya yi, duk yana kansa, kuma wannan haɗari ne don in ya yi tafiya ko ya bar garin wa zai gane saitin. Sai da na zo da littafi na ce Injiniya don Allah zauna ka faɗa min ina rubutawa, kalmomin sirri da sunayen fayilolin da ya taɓa, kuma ya yi ba musu. Duk wanda zai je ya tafi da nasa littafin.

Ya matsa min sosai kan faifai na biyu, ya ce saba a gida ba ta hana asara, faifai ɗaya in ya mutu ya tafi da komai, sai an riƙa kwafa a wani ana ajiye shi a wani gidan. Na saya, yana gidan ƙanwata a Ƙofar Marusa, lokaci lokaci nake ɗauko shi a kwafa a mayar. Abin da ya rage yanzu shi ne canza faifan cikin laftof ɗin zuwa SSD, irin faifan nan mai sauri, don da ya gwada shi da manhajar smartctl ya ga ya fara nuna alamun gajiya, mun yi da shi sai an yi albashi.