Gidan kallon nan na Nima mai buɗewa ƙarfe ɗayan dare, taurari huɗu na ba shi

Masu yawan tambayata wai a ina muke kallon NBA a Accra tunda duk gidan kallon da ka leƙa Chelsea ne da Man U da Madrid, to ga amsa yau kowa ya huta. Akwai wani gidan kallo a Nima ta wajen da ake gangarawa Maamobi, ba shi da allon suna, in ka tambayi samarin da ke zama bakin titi ka ce gidan kallon Alhaji mai janareto za su nuna maka lungun. Taurari huɗu na ba shi cikin biyar, kuma ɗayan da na cire ma sai da zuciyata ta yi ta min gardama.

Abin da mutane ba su ganewa shi ne lokacin wasan ne matsala. Wasan da aka fara ƙarfe tara na dare a gabashin Amurka mu nan ƙarfe ɗaya ne, a gama wajen uku da rabi ko huɗu saura, to wane mai gidan kallo ne zai hana idonsa barci ya ƙona fetur saboda mutum bakwai ko takwas? Alhaji kuwa yana yi, kuma shi ko dokar ƙwallon kwando bai sani ba, ɗan Hearts of Oak ne na a mutu, cewa yake wasan dogaye masu wasa da hannu. Sharaɗinsa ɗaya ne, ku kai mutum biyar ku faɗa masa tun la'asar. Sidi uku wasan yau da kullum, fainal sidi biyar, yana karɓar MoMo amma ya fi son a ba shi a hannu. In ya kunna ya miƙa wa yaronsa rimot sai ya shimfiɗa darduma a bencin baya ya kwanta abinsa.

Ni Milwaukee Bucks nake bi tun kakar 2013 zuwa 2014, wato shekarar da suka ci wasa 15 aka ci su 67, su ne na ƙarshe a duk NBA. Ba wai na iya zaɓe ba ne, wani siririn yaro ne da suka ɗauko a lamba 15 ya ja ni, Giannis Antetokounmpo, iyayensa 'yan Najeriya ne da suka tafi Girka neman na tuwo, aka haife shi a Athens a 1994, ya taso yana tallar tabarau da agogo a titi shi da yayansa. Duk wanda ya tashi a zango ya ji wannan labarin ai ya san ɗan gida ne. Tun daga nan abokaina 'yan Lakers da 'yan Golden State suka sa min suna Mai Barewa, na sha tsiya iri-iri. A 2019 muna gaban Toronto biyu da nema a fainal ɗin Gabas suka zo suka ci huɗu a jere, a 2020 Miami ta fitar da mu huɗu da ɗaya, shi kuma Giannis yana ta karɓar MVP shekara biyu a jere ba kofi, sai a ce min ai gwarzon takarda ne, ba ya iya jifa daga nesa, gudu da danki kawai ya sani. Duk a kan bencin Alhaji na haɗiyi waɗannan maganganu.

To bana ma da Phoenix Suns suka ci wasa biyun farko na fainal na ce shi ke nan an koma gidan jiya, ga shi mutumin ya shigo da gwiwar da ta lanƙwashe a wasan Atlanta. Sai muka ci na uku, a na huɗu ya tashi ya tare wa Deandre Ayton ƙwallo a bakin kwando, a na biyar Jrue Holiday ya fizge ƙwallo a hannun Devin Booker ya ɗaga masa sama ya danna. Wasa na shida ya faɗo ranar Talata 20 ga Yuli, ranar Babbar Sallah cif, mu nan daren Sallah kenan wayewar Laraba.

A nan ne gidan ya ci taurarinsa. Kowa ya san yadda mutum yake a daren Babbar Sallah, an je idi an yi yanka an yi fiɗa an yi ta zaga lunguna da rabon nama, ƙafa kamar ba taka ba. Na ɗauka Alhaji zai ce a yi haƙuri, da magariba na leƙa na ce Baaba yau fa akwai wasa, ya ce na sani yaro, na sayi mai tun jiya. Sha biyu da rabi ƙofa a buɗe, bokitin wanke hannu da sabulu a bakin ƙofa saboda korona, an share an jera benci, mun kai mu ashirin da wani abu don har waɗanda ba su taɓa kallon kwando ba sun biyo hayaniya. Can sai ga yaro da babbar roba daga cikin gida, Hajiya ta aiko da soyayyen naman Sallah da yaji a ƙullin takarda, ba a ƙara mana ko pesewa a kuɗin shiga ba. Mai shayin bakin lungu shi ma bai tashi ba, Milo da burodi da ƙwai har asuba, shi dai kuɗinsa daban.

Kwata ta farko muka tafi 29 da 16 ina ta cika baki, kwata ta biyu Chris Paul ya farka, ana tsakiyar haka wuta ta ɗauke ɗif, ɗaki ya yi baƙi kowa ya saki salati. Yaron Alhaji da tocilan a baki ya fita da gudu, ja ɗaya ja biyu janareto ya kama, kafin dikoda ya gama dawowa ko minti uku ba a yi ba. Na taɓa zama wani gidan kallon da aka ɗauke wuta sai a lokacin mai gidan ya tura yaro neman fetur da galan, don haka na san darajar wannan. Hoto na dawowa muka ga an cinye ratar, aka tafi hutun rabin lokaci Suns 47 mu 42. 'Yan Lakers ɗin nan da Suns ta kora gida tun zagayen farko su ne suka koma 'yan Suns a daren don kawai su ga bayana, kai ɗan adam.

Su ne kuma suka kwaso ɗabi'ar nan ta 'yan kallon Amurka, duk sanda Giannis ya tsaya jifan fawul sai su fara ƙirga masa daƙiƙa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, har goma sha, don an san yana daɗewa kuma yana ɓararwa. Ranar dai ƙirgan bai yi aiki ba, 19 ya jefa 17 suka shiga, tun suna ƙirgawa da ihu har murya ta koma ƙasa-ƙasa har wani ya ce ku bari haka nan kuna ƙara masa albarka ne. Maki 20 ya zuba a kwata ta uku kaɗai, aka shiga ta huɗu 77 da 77, ni daga nan ban sake zama ba, hulata na cire ina ta murɗawa a hannu. Saura kamar minti ɗaya Khris Middleton ya tashi ya saki wata daga gefe ta shiga, aka tashi 105 da 98, Giannis maki 50 da ribawun 14 da bulok 5, kofin farko tun 1971 zamanin Kareem Abdul-Jabbar da Oscar Robertson, lokacin ma Lew Alcindor ake kiran Kareem ɗin.

Ban san sanda na durƙusa a siminti ba ina kuka da majina wiwi, ƙato da ni. Ihun ne ya tashi Alhaji ya zabura yana neman takalmi, ya ce kai lafiya, wa ya rasu? Na ce Baaba mun ɗau kofi. Ya ce shekara nawa kuka yi ba ku ɗauka ba? Na ce hamsin. Ya riƙe baki ya ce la'ilaha illallahu, mu sha biyu kawai Hearts ta yi mana muka kusa zaucewa, don su ma a watan nan suka ɗauki lig ɗin Ghana karon farko tun 2009. Ya laluba aljihun jallabiya ya ciro sidi biyar ɗina ya danƙa min ya ce je ka sha shayi, na ce Baaba a'a, ya ce in ka mayar min ka raina ni. Bai kashe ba kuma sai da muka ga an miƙa kofi an ba Giannis gwarzon fainal, muka zauna hira har aka kira asuba muka wuce masallaci gaba ɗaya har da masu ƙirgan.

Yanzu tauraron da na cire. Bencin katako ne ba majingina, wasan kwando kuma da tayim-awut da talla sai ya ci awa biyu da rabi, ka tashi bayanka ba naka ba. Fanka biyu ce ɗaya ba ta juyawa, sauro kuwa daga kwatar bayan gidan sai ka ce gayyatarsu aka yi. Abin da ya fi ci min rai firojekta ne, an saita shi don ƙwallon ƙafa da ake rubuta ci a sama, to NBA a ƙasa suke sa maki da agogo, sai rabin rubutun ya sauka daga farin ƙyallen ya faɗa kan bango mai koren fenti, dole wani ya riƙa duba waya yana faɗa mana saura daƙiƙa nawa. Murya ma ana rage ta sosai saboda maƙwabta, wannan ban ga laifinsa ba. Banɗaki kuwa gara ka gama uzurinka a gida kafin ka fito, kuma gaskiya ba wajen da zan ce 'yar'uwa mace ta zo ta zauna ba ne a wannan tsakar daren, ba a ware musu ko benci ɗaya ba.

Na yi masa maganar firojektan ya ce zai sa a ɗaga shi kafin a dawo sabuwar kaka a watan Oktoba. Mai son zuwa ya taho da maganin sauro da canjinsa, ya kuma yi min magana tun rana don mu cika biyar ɗin, 'yan Lakers ma muna maraba da ku, ku zo da ƙirganku.