Wayar biya sannu-sannu: tana aiki, amma kada a ce min zaɓi ne

Wayar kanta ba ni da ƙorafi a kanta. Android ce, batirinta yana kai ni dare, kyamararta kuma tana fito da launin yadi yadda yake, abin da tela irina ke buƙata ke nan idan zai tura wa mai kaya hoto ta WhatsApp. Rajista ma ba wahala: katin shaida, hoton fuska, kafin alƙalami, shi ke nan ka saka waya a aljihu.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar da wakilin kamfanin ya yi ta nanatawa, wai "ai zaɓi naka ne". Ya baje min tsari iri-iri. Wanda ya ajiye kafin alƙalami mai tsoka, kuɗin ruwansa kaɗan ne. Wanda ya ajiye ɗan kaɗan, biya zai ja shi da nisa, jimillar kuma ta haura farashin lakadan nesa ba kusa ba. Ni abin da ke hannuna ne ya zaɓar min, kuma mafi tsada ya zaɓa. Waya ɗaya ce, amma mai hali ya saye ta da araha, mara hali da tsada.

Sai maganar kullewa. Ranar da biya ya makara, allon ya rufe, ba abin da ya rage sai shafin biya da kiran gaggawa. Ina jin wayar tana rawa a kan teburin keke, na san masu ɗinki ne ke nemana, ba halin buɗewa. Wayar da zan nemo kuɗin bashin da ita, ita aka kulle.

Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya da ya karɓi kyautar Nobel a 1998, yakan ba da misalin mai azumi da wanda yunwa ta kama: dukansu ba su ci ba, amma ɗaya yana da abinci a ajiye. Mu masu ɗaukar wayar bashi mun fi kusa da na biyun. Akwai kuma binciken da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da abokan aikinsu suka wallafa a 2013 kan manoman rake a Indiya: manomi yakan fi cin gwajin tunani bayan girbi, fiye da lokacin da hannunsa ya bushe. Shi ya sa nake ganin rashin adalci ne a miƙa wa wanda ke cikin matsi doguwar yarjejeniya da ƙananan haruffa, sannan a ce ai da kansa ya amince.

Idan sana'arka ta dogara da waya kuma ba ka da lakadan, ɗauka, za ta yi maka aiki. Amma kafin ka sa hannu, a rubuta maka jimillar kuɗin a takarda, a faɗa maka kwana nawa ne na uzuri kafin a kulle, ka kuma tabbatar za a cire manhajar kullewa ranar da ka gama biya.