Wasiƙa daga Ingila: Rediyonsu da Namu na Kano

Assalamu alaikum Baffa. Ina fata kuna lafiya, ku da Inna da yara. Ya zafin Kano?

Maganar rediyon da kuka ce in aiko muku, ina ga a haƙura da ita. Yawancin na kantunan nan DAB ne, wato rediyon dijital, ba sa kama gajeren zango, su kuma tashoshin DAB ɗin ba a jin su a Kano. Kuɗin ɗaya zai sayo muku Kchibo fiye da guda a Sabon Gari, har ku ɗora kwalin batir Tiger.

Abin da na so a ce ana iya sa shi a jaka shi ne wani shiri na BBC Radio 4 mai suna Any Questions. Tun 1948 ake yin sa, wato ya girmi Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957. A garin Winchester aka yi na farko, lokacin shirin na yankin yammacin Ingila ne, daga baya ya game ƙasa. Masu gabatar da shi ba sa saurin tashi daga kujerar. Freddie Grisewood ya riƙe shi har 1967, Jonathan Dimbleby kuwa daga 1987 zuwa 2019, shekara 32 cur. Duk daren Juma'a sai su sauka wani gari, a zauren makaranta ko coci, a jera mutum huɗu, galibi 'yan siyasa. Mutanen gari ne ke tambaya, kuma ba a nuna wa baƙin tambayoyin tukuna. Minista na kame-kame za ku ji zauren ya ɗauki gunaguni, ba mai rufa masa asiri. Ranar Asabar a maimaita, sannan a buɗe wa masu sauraro waya a shirin Any Answers, wanda da can wasiƙu ake karantawa a cikinsa.

Nan ne muka bambanta. Tun da Freedom ta buɗe a Sharaɗa a 2003 bakin talakan Kano ya buɗe, wannan ba musu, kuma har gobe ina kewar Inda Ranka. Amma a fagen siyasa, a tashoshinmu da dama fili ake saya. Mai gida na kwance a Abuja, sojojin baka na ta zuba a madadinsa, wani ma rabin lokacinsa kirari ne da habaici. A nan Ingila shi ɗan siyasar ne ke zuwa da ƙafarsa ya sha tambaya. Ba a talla a rediyon BBC na cikin gida, kuɗin lasisin talabijin da gidaje ke biya ne ke riƙe da shi. Mai son talla da zazzafar muhawara sai ya murɗa tashar LBC, wadda ta fara a Landan a 1973.

Sai dai fa ba cigiya, Baffa. Ba sanarwar ɗaurin aure ko ta rasuwa, ba mai kira ya gai da abokansa na teburin mai shayi. Kowa ya toshe kunne da abin sauraro a cikin bas, ko maƙwabcinka ba ka san me yake ji ba. Ni kaina Ra'ayi Riga ta intanet nake kama shi a waya.

A gai da Inna, a ce mata dakakken yajin ya iso lafiya.