Ƙona jijiya ko allurar sitiroyid: wanne ya dace da ciwon bayan da ya ƙi tafiya?

'Yar'uwa, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Kin ce ciwon ƙugu ya fi shekara biyu yana damunki, kin sha magani, kin je gashi, yanzu kuma an ambata miki hanyoyi biyu: allurar sitiroyid a baya, ko ƙona jijiya da zafin igiyar rediyo. Kina tambayar wanne ya fi. Gaskiyar magana, ba ciwo iri ɗaya suke magani ba, don haka sai an fara sanin inda naki yake tasowa.

Tsakanin kowane ƙashi biyu na gadon baya akwai faifai mai taushi ta gaba, ta baya kuma akwai wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi biyu da likitoci ke kira faset. Idan faifai ya bulluƙo ya danne tushen jijiya, wurin yakan kumbura, ciwon ya tsarga ƙafa har ya wuce gwiwa, wani lokaci da mutuwar jiki ko tsira-tsira kamar ana soka allura. Zama da tari sukan tayar da shi. Wannan shi ne fagen sitiroyid, saboda aikinsa saukar da kumburi. Idan kuwa gaɓoɓin faset ne suka gaji, ciwon yakan tsaya a ƙugu da ɗuwawu da bayan cinya, ba kasafai yake wuce gwiwa ba, yana ƙaruwa da doguwar tsayuwa, ko miƙewa baya, ko juyawa. Nan ne ake tunanin ƙona jijiya.

Allurar sitiroyid ba ta da dogon shiri. Ana kallon hoton eksire, a tura maganin kusa da jijiyar da ta kumbura, a sallame ki a ranar. Sauƙin yakan zo cikin 'yan kwanaki, ya ɗauki makonni zuwa kamar wata uku. Amfaninta shi ne ta ba mutum sarari ya iya motsa jiki yayin da faifan ke lafawa da kansa.

Ƙona jijiya kuwa ba ta taɓa gaɓar da ta lalace ko kaɗan. Kowace gaɓar faset tana da 'yan siraran jijiyoyi biyu masu kai saƙon ciwo. Likita zai kwantar da wata allura ta musamman a jikin jijiyar, ya fara gwadawa da ɗan ƙaramin lantarki don tabbatar da cewa bai kusanci babbar jijiyar da ke motsa ƙafa ba, sannan ya sa maganin kashe zafi a wurin, ya ɗumama bakin allurar zuwa kusan digiri 80 na tsawon sakan 60 zuwa 90. Kamar yanke wayar ƙararrawa ne: abin da ke danna ta yana nan, amma ƙarar ba ta isowa. Mako ɗaya ko biyu na farko wurin kan yi tsami, wasu ma su ji kamar ciwon ya ƙaru, kafin sauƙin ya bayyana sosai bayan wasu makonni. Ga wanda ta karɓa, yakan samu sauƙi na wata 6 zuwa 12, wasu fiye da haka. Daga nan jijiyar ta sake tofowa, kuma ana iya maimaitawa.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne allurar gwaji. Alamomin da na faɗa a sama ba su isa hujja ba, hoton MRI ma bai isa ba, domin mutane da yawa hotonsu na nuna gaɓoɓi sun gaji alhali ba sa jin komai. Hanyar da ake bi ita ce a sa ɗan maganin kashe wuri daidai kan waɗannan jijiyoyin, a ce ki tashi ki yi abubuwan da suka saba tayar miki da ciwon, ki rubuta yadda kika ji awa bayan awa. Wasu likitocin sukan yarda idan rabin ciwon ya tafi, wasu sai kashi 80 cikin 100, kuma da yawa suna maimaita gwajin sau biyu, saboda gwaji ɗaya yakan yaudari mutum. A ranar, don Allah kada ki kwanta ki huta, kuma kada ki ce kin ji sauƙi don ki faranta wa likita rai. A kan amsarki za a yanke hukunci.

Bincike ma ya nuna nauyin wannan tantancewa. A 1996 wasu likitoci a Ostareliya sun yi gwaji kan mutum 24 masu ciwon wuya bayan haɗarin mota, waɗanda aka tace su sosai da allurar gwaji. Waɗanda aka ƙona wa jijiya sun kai kimanin kwana 263 kafin rabin ciwon ya dawo, waɗanda aka yi wa na bogi kuwa kwana 8. Amma a 2017 wani babban bincike a Holan kan mutum 681 masu ciwon ƙugu bai ga wani bambancin a-zo-a-gani ba tsakanin masu motsa jiki kaɗai da waɗanda aka haɗa musu da ƙona jijiya. Masana da dama sun soki yadda aka zaɓi majinyatan da yadda aka sa alluran, kuma har yau ana wannan muhawara. A ganina darasin a fili yake: aikin yana amfanar wanda aka tantance da kyau, a hannun da ya ƙware. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, a ƙa'idarta ta 2016, ta yarda da ƙona jijiya ne kawai bayan sauran hanyoyi sun gaza, ciwon yana da ƙarfi, kuma allurar gwaji ta tabbatar. Ita dai wannan ƙa'ida ta hana yin allurar sitiroyid a baya don ciwon ƙugu zalla, ta bar ta ga sabon ciwo mai tsanani da ke sauka ƙafa.

Ta fuskar illa, sitiroyid yakan ɗaga sukari na 'yan kwanaki, abin da mai ciwon sukari ya kamata ya shirya wa, kuma yawan maimaita shi na raunana ƙashi, shi ya sa ake taƙaita shi zuwa sau uku ko huɗu a shekara. A 2014 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wasu munanan illolin jijiya da kan biyo bayan irin wannan allura, ko da yake ba su cika faruwa ba. Ƙona jijiya ba ta dogara da sitiroyid, amma takan bar zafi kamar ƙuna ko mutuwar fata na ɗan lokaci, kuma jijiyar da ake ƙonawa tana sarrafa wata 'yar tsokar baya, wanda hakan ƙarin dalili ne na riƙe motsa jiki. Mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini, da mai na'urar daidaita bugun zuciya, su sanar da likita tun kafin a sa rana.

To, idan naki ya tsaya a ƙugu kamar yadda kika bayyana, kuma ya daɗe haka, ni zan fi karkata ga ki nemi allurar gwaji da farko. Idan wani ya ce zai ƙona ba tare da ita ba, ki tambaye shi dalili, ki kuma nemi ra'ayin wani likitan. Ki tambayi jijiyoyi nawa za a taɓa, da kuma ko da hoton eksire za a yi.

Amma idan kika fara kasa riƙe fitsari ko bahaya, ko tsakanin cinyoyinki ya mutu, ko ƙafa tana rasa ƙarfi, ko akwai zazzaɓi da rama ba dalili, ki ajiye maganar alluran nan duka ki tafi asibiti a ranar.