Cire Ubuntu kaɗai ko yi wa kwamfutar fomatin gaba ɗaya?

Ɗan'uwa mai tambaya, da ke da Ubuntu (wani nau'in Linux, tsarin gudanar da kwamfuta kamar Windows) tare da Windows a kwamfuta ɗaya, kada ka yi fomatin, wato goge komai a sake saka Windows. Cire Ubuntun kawai, ka bar Windows ɗinka yadda yake.

Ni ma na haɗa su biyu a wata ThinkPad ta hannu da nake aiki da ita har yau. Zumuɗin koyon Linux ya sa na saka shi, sati uku na gaji, ya zauna ya tare min giga 60 a banza. Ranar da na tashi cire shi, wata Asabar bayan la'asar, shayin da na haɗa bai gama hucewa ba na kammala. Hotunan bikin ƙanwata da takardun aikina ko ɗaya bai motsa ba.

Abin lura shi ne wanda za ka fara yi. Shiga saitin BIOS tukuna, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi (a tawa F1 ake dannawa da an kunna ta), ka ɗaga Windows Boot Manager ya koma sama a jerin abin da kwamfutar ke fara tashi da shi. Kashe ka kunna. In ta wuce Windows kai tsaye ba tare da baƙin allon nan na GRUB, mai ba ka zaɓi tsakanin Ubuntu da Windows, ba, sai ka buɗe Disk Management, manhajar Windows mai nuna ɓangarorin diski. Ɓangarorin Ubuntu ba su da harafi irin C ko D, domin Windows ba ya karanta ext4, tsarin ajiyar fayil na Ubuntu. Goge su da Delete Volume, ka mayar wa C filin da Extend Volume, muddin filin na manne da shi ta dama. Amma fa akwai wani ɗan ƙarami mai suna EFI, wajen mega 100, shi ma ba harafi. Kada hannunka ya kai kansa, da shi Windows ke tashi. Haka na Recovery.

Wanda ya fara da gogewa shi ne za ka gani tsakar dare yana kuka, wai kwamfutarsa ta ƙi tashi, ta tsaya a allon grub rescue. In kuma msinfo32, mai nuna bayanan kwamfuta a Windows, ya nuna maka Legacy a layin BIOS Mode, tsohon tsari ke nan, sai ka kunna da falash ɗin Windows ka rubuta bootrec /fixmbr a Command Prompt. Mai BitLocker, makullin diski na Windows, ya nemo lambarsa mai alƙaluma 48 kafin ya taɓa BIOS.

Fomatin kuwa yana yi, ban ce ba ya yi ba. Amma yana buƙatar falash mai giga 8, data, da wuni guda kana sake saka manhajoji. Kada ka yi shi sai dai in Windows ɗin ne da kansa ba lafiya.

Ba ka tambaya ba, amma in kasuwa za ka kai ta, buɗe ido. Wasu masu gyara ko kunnawa ba su yi ba za su ce sai fomatin, su danna maka Windows na bogi a kan naka mai lasisi. Wani abokina da ram giga 8 ya kai tasa, sai bayan wata ya lura giga 4 ya dawo da shi gida. Ɗauki hoton bayanan ram da SSD ɗinka, kuma a yi aikin kana tsaye.

Kwafe muhimman fayilolinka a falash yau da dare, gobe ka bi hanyar farko.