Mai gyaran keken ɗinki da ba ya ɗaukar guduma

A wani lungu bayan Babbar Kasuwar Maraɗi, cikin layin teloli, akwai wani dattijo mai gyaran keken ɗinki. Ba allo a ƙofa, rumfar kwano ce kawai da benci, sai kawunan kekuna jere a ƙasa kowanne da tsumma a kai. Shi ya tada keken Innata, kuma tun da matan unguwarmu ta Zariya sun dame ni da tambayar inda aka gyara shi, gara in yi bayani gaba ɗaya.

Keken Singer ne baƙi mai zanen ruwan zinariya, na takawa da ƙafa, samfurin 15K. Wannan K ɗin alamar masana'antar Kilbowie ce da ke Clydebank a Sikotilan, wadda aka rufe a 1980, don haka ko ba a duba lambarsa ba an san ya ga jiya. Tun rasuwar Inna yake kulle a ɗaki, ya sha ƙurar hunturu da damshin damina, har ya kai ko da hannu biyu ka kama wilin ba ya motsi. Wani yaro mai gyara ya taɓa zuwa gida, ya sa filaya ya murɗa, ya cinye kan wani sukuru, ya ce a sayar wa masu awon ƙarfe.

Dattijon kuwa, wanda nake kira Baba, bai ko gwada juya wilin ba. Igiyar ya fara cirewa, ya zare allura, ya buɗe farantin ƙasa ya fito da gidan kwarkwaro, yana neman zare. Ya ce sau da yawa keken da ake cewa ya mutu guntun zare ne kawai ya maƙale a nan. Ya samu zaren kuwa, da audugar da ta dunƙule tsakanin haƙora, amma keke bai saki ba. Sai ya kwance ƙaramin murfin tsakiyar wili, wanda ake sassautawa idan za a naɗa zare. Wilin ya juya shi kaɗai salin alin, wato matsalar tana can ciki. Da ya buɗe fuskar keken, sandar allura ta yi wani danƙo ja-ja kamar ƙaro a jikin ƙarfe. Ya dangwala da yatsa ya sunsuna.

"Ɗiyata, wa ke ba keken nan man gyaɗa?"

Na ce, "Baba, ai a gidanmu ake matse shi."

Ya yi dariya ya ce rabin kekunan da ake kawo masa daga Tibiri da Madarunfa ciwonsu ke nan. Man girki idan ya daɗe da iska yakan yi kauri ya bushe, ƙura ta hau kai, sai ya zama shi ne ke riƙe ƙarfen da aka sa shi ya sulɓe. Baƙin man mota shi ma bai yarda da shi ba, ya yi wa keke nauyi.

Maganinsa kananzir ne da rana. Da sirinji yake ɗiga kananzir a kowane ramin mai, da kowace gaɓa ta ƙarƙashi, sa'an nan ya aje kan keken a hantsi har ƙarfen ya ɗau ɗumi, don zafi na tausasa danƙon. Da la'asar ya dafa wilin ya ɗan rausaya shi gaba da baya, iyakar inda ya yarda, ya ƙara kananzir, ya rufe. Gobe ma haka. Na tarar da shi ranar da keken ya fara sakin jiki: sandar allura ta sauko kaɗan ta tsaya, wani baƙin ruwa na tsiyaya daga ƙasa a kan kwali. Ni da na so ya ƙarasa juyawa, ya ce a'a, in ka tilasta masa sai wani abu ya lanƙwashe a ciki, daga nan allura ba za ta ƙara haɗuwa da zaren ƙasa daidai ba, keke ya dinga tsallaken ɗinki har abada.

Sukurun nan da aka ɓata shi ya fi burge ni. Ya ɗauko abin kwancewa ya goga bakinsa da magagari har ya cika tsagar daidai, ya dasa shi, ya ɗan ƙwanƙwasa bayansa da guntun icce, ya danna da ƙarfi kafin ya murɗa. Sai ga shi ya taho. Zanen zinariyar kuma bai bari kananzir ya zauna a kansa ba, da man keke da auduga ya goge, ya gargaɗe ni kada in kuskura in sa sifirit, yana narkar da shafen da ke kare zanen. Bayan komai ya saki, ya bi ramukan da farin man keke ɗigo ɗaya-ɗaya, domin kananzir wanki kawai yake yi, ya bushe ya bar ƙarfe tsirara.

Sai dai in faɗa maku gaskiya, Baba ba ya sa ranar gama aiki. Ka tambaye shi yaushe, ya ce "in keke ya yarda". Waya ma sai ya ga dama yake ɗagawa, kuɗin kabu-kabun da na kashe wurin leƙowa ya kusa rabin kuɗin aikin. Ba ya aje kaya kuma: igiyar fata da robar naɗin zare ni na shiga kasuwa na sayo. An yi sa'a kwarkwaron Butterfly, na Shanghai, yana shiga wannan Singer ɗin, don tsarinsa suka kwaikwaya, kuma cike yake a kasuwa. Wani abin da ban ji daɗi ba, bai faɗa mini cewa keken zai ci gaba da zubo baƙin mai na ɗan lokaci ba, sai da ya ɗiga a farar shadda. Ku fara taka shi a kan tsumma, ba zare, har ya daina.

Jikka uku ya karɓa, na ƙara wa yaronsa dala ɗari. Kafin ya ba ni sai da ya ninka ƙyallen kaki huɗu ya ɗinke a gabana, ya juya bayan ya nuna mini ɗinkin. Yanzu da shi nake ɗinka kayan makarantar yara.

Wanda ke da tsohon keken ƙarfe, Singer ko Butterfly, da ya ƙage, ya kai masa, amma ba ana gab da Sallah ba, lokacin teloli sun cika rumfar kuma su yake fara sallama. Masu sabon keken lantarki mai haƙoran roba kada ku wahalar da kanku, na ga ya maida wata mata da nata tun daga bakin rumfa.