Gwangwanin gas ko garejin mai esi: wanne ya fi wa motarka?

Ɗan uwa, na ga tambayarka tun jiya. Ka ce Corolla ce ƙirar 2008, bara esinta kamar firji, bana kuwa sai ka hau babban titi kake jin ɗan sanyi, da ka shiga gosulo sai ta koma huro iska mai ɗumi. Ka ga ana sayar da gwangwanin gas haɗe da ɗan tiyo mai geji, shi ne kake tambaya ko ka saya ka ɗura da kanka, ko ka kai wa mai gyara. Na gwada duka biyun, bari in jera maka su.

Gas ɗin esi ba fetur ba ne, amfani ba ya cinye shi. Zagaye yake yi a cikin rufaffen bututu: kwamfuresa ta matse shi, ya bi ta kondensa da ke gaban lagireto ya zubar da zafi ya zama ruwa, sannan ya ratsa wata 'yar ƙofa ya shiga kwayil ɗin da ke bayan dashbod, can ya koma iska yana zuƙe zafin cikin mota. Idan ya ragu, to ta wani wuri ya fice. Wani lokaci a hankali yake silalewa ta robobin mahaɗa cikin shekaru, wani lokaci kuma huda ce sosai. Duk kwatancen nan a kan wannan bambancin ya rataya.

Ta fuskar kuɗin yau, gwangwani ya yi nasara, ba musu. Ka buɗe bonet, ka nemi bututun esi mai kauri, ka cire murfin da aka rubuta L, ka jona, ka tayar da mota da esi a ƙure, ka riƙa ɗurawa kaɗan-kaɗan. Ba a kai rabin awa ba ka gama. Ɗaya bakin mai alamar H girmansa daban ne, da gangan aka yi haka don kada wani ya jona gwangwani a ɓangaren da ƙarfin ya yi yawa ya fashe masa a hannu. Idan motar ta yi shekaru ba a taɓa esinta ba, kuma kaɗan ne ya ragu, wannan na iya kai ka ƙarshen bazara lafiya.

Inda gwangwani yake faɗuwa shi ne wajen awo. A ƙarƙashin bonet akwai 'yar takarda manne da ta faɗi irin gas ɗin da adadinsa a giram. Ƙananan motoci irin taka wajen rabin kilo suke ɗauka, gwangwani ɗaya kuma yawanci giram 340 ne. Ka ga ke nan ba wani fili mai yawa na kuskure. Ɗan gejin da ke jikin tiyon ɓangare ɗaya kaɗai yake karantawa, kuma karatunsa yana bin zafin rana. A Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu, ana digiri 40, ɓangaren L yakan haura 50 a geji, na H ya wuce 300, alhali gas ɗin daidai yake. Kai ba ka ganin na H ɗin ko kaɗan. Ni haka na yi wa tawa: na ga sanyi bai kai yadda nake so ba, na ƙara gwangwani na biyu, sai kwamfuresa ta fara kamawa tana saki, sanyin da nake da shi ma ya gudu. Gas in ya yi yawa sanyi raguwa yake yi, kwamfuresa kuma ta sha wuya.

Mai gyaran da ya san aikinsa da geji biyu yake zuwa, shuɗi da ja. Zai kwashe abin da ya rage, ya jona injin zuƙo iska ya bar shi kamar minti 30, ya kashe ya zuba ido ya ga ko allurar za ta motsa. Ta motsa, akwai yoyo. Ta tsaya cak, sai ya ɗora tukunyar gas a sikeli ya ɗura daidai abin da takardar ta ce. Wannan zuƙon shi ne abin da gwangwani ba zai taɓa yi maka ba. Idan gas ya ƙare ƙarƙaf, iska da danshi sun riga sun shiga. Danshi yakan daskare a 'yar ƙofar nan ya toshe ta, in ya haɗu da man kwamfuresa kuma ya zama asid yana cin ƙarfe daga ciki. Shi ya sa in an buɗe bututu ake canza diraya, ɗan tulun da ke shanye danshin.

Sai dai fa ba kowane mai esi ne ya fi gwangwanin ba. Akwai waɗanda za su jona tukunya, su dafa bututu da hannu, su ce "oga, ya yi", ba zuƙo, ba sikeli, ba neman yoyo. Wannan abin da za ka yi a ƙofar gidanka ne ya yi maka, ya karɓi kuɗin aiki. In ka shiga gareji ba ka ga injin zuƙo da sikeli ba, juya motarka. In ya ce akwai yoyo, ya nuna maka wurin: kumfar ruwan sabulu, ko tabon mai da ƙura ta manne a mahaɗa, ko kalar da ake zubawa a haska da fitila ta musamman.

Maganar ingancin gas ta shafi hanyoyin biyu. Motarka R134a take sha, wanda ya maye gurbin tsohon gas R12 a tsakiyar shekarun 1990 bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don daina amfani da irinsu R12. Sababbin motocin Turai tun 2017 sun koma R1234yf, mai tsada, bakin jonawarsa ma daban. Ba a gauraya su. Akwai jabu a kasuwa, kuma ba abin wasa ba ne: a 2011 jabun R134a da aka cakuɗa da wani sinadari mai suna R40 ya fasa kwantenonin sanyi a tashoshin jiragen ruwa har aka rasa rayuka. Gas ɗin firji R600a kuma yana kama wuta, kada wani ya ce maka "duk ɗaya ne". Ka guji gwangwanin da aka ce yana liƙe yoyo da kansa, yakan liƙe har inda ba a aike shi ba. Masu Prius da sauran haibirid su kam su manta da gwangwani, kwamfuresarsu ta lantarki ce, manta daban. In ka ce sai ka ɗura, sa tabarau da safar hannu, don R134a a digiri 26 ƙasa da sifili yake tafasa, ya fesu a fata sai ya ƙone ta da sanyi.

Yanzu mu dawo kan taka. Sanyi a kan gudu, ɗumi a gosulo: ni ba gas zan fara zarga ba. A kan titi iska ce ke dukan kondensa tana huce ta, a gosulo kuwa fanka kaɗai ta dogara da ita. Wannan ɓangaren naka ne, ba sai da bakanike ba. Tayar da mota, kunna esi, leƙa ƙarƙashin bonet ka ga ko fankar da ke jikin lagireto tana juyawa da ƙarfi. Ba ta yi, duba fiyus da rile. Wanke kondensar da ruwa a hankali, ƙurar hunturun da ya wuce tana nan cushe a haƙoranta, amma kada a sa mata ruwan injin wanki mai ƙarfi ya lanƙwasa su. Zaro filtar da ke bayan akwatin dashbod na gaban fasinja, za ka sha mamakin abin da ke ciki. Sannan ka saurari kwamfuresa: in ka danna maɓalli ka ji "ƙwas" ta kama ta zauna, akwai gas. In ba ta kama ba sam, ko dai lantarki ne ko gas ya yi ƙasa har na'urar kariya ta hana ta tashi, kuma a nan gareji ne maganinka, gwangwani asarar kuɗi ne.

Duba fankar tukuna gobe da safe, ka faɗa mana abin da ka gani.